Ranar da Baba Ya Juya wa Titi Baya

Wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana, kuma har yau in na ji takun ƙafa da sauri a bayan gida sai gabana ya faɗi, in ce shi ne ya dawo. Ban yi makaranta ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, ni nawa faɗa. Na gaya mata in ta ga ina kuka kada ta ajiye biron, domin labarin na dariya ne, idanuna ne kawai ba su jin magana.

An ɗaura mana aure a coci shekarar da aka canja kuɗi. Shi mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kafur, ni kuma gidan ubana yana bakin titin da ya taso daga Malumfashi ya bi ta Bakori ya shiga Funtua, ƙofar gidan ma titin take kallo. Maigidana manomi ne, masara da dawa da auduga, amma gudu ne ciwonsa. In za shi kasuwa ba ya jiran mota. Sai ya naɗe wando ya kama hanya, wani lokaci ya riga motar isa, domin ita tana tsayawa lodi. Innata takan ce ba miji na aura ba, barewa ce aka sa wa hula.

A lokacin muna ƙarƙashin Kaduna, ba a yanka mana jiharmu ba. Duk shekara bayan an yanke dawa ana yin tsere mai nisa, wanda muke ce wa gudun yada-ƙanin-wani, 'yan rediyo kuma suna ce masa gudun famfalaki. Ana tashi daga bayan garin Malumfashi da sassafe, a ƙare a filin ƙwallo na Funtua. Mutum uku na farko ana ɗaukarsu a kai su Kaduna, su zauna tare da manyan masu gudu na jiha, a horar da su. Maigidana ba abin da yake so a duniya kamar ya shiga cikin ukun nan.

Ƙungiya biyu ce ake maganarsu. Ta farko 'yan kamfani, ma'aikatan wani kamfanin gurzar auduga a Funtua. Baƙi ne yawancinsu, daga Filato da Binuwai da kudancin Zariya, an ɗauke su aiki saboda ƙafarsu. Suna da koci wanda aka ce har Legas ya je kwas, yana rataye da usur da wani agogo mai igiya. Suna da kambas farare da singileti iri ɗaya. Da safe shayi da madara da burodi da ƙwai, da rana barci. Gudunsu kuma a fili ɗaya ne, su zagaya, su tsaya, koci ya duba agogo ya rubuta, su sake zagayawa. Na taɓa tsayawa na kalle su ranar kasuwa, har jiri ya kama ni. Na dawo gida na ce wa maigida na ga mutane suna ta gudu tun safe ba su je ko'ina ba.

Ta biyu tamu ce. Wani tsohon soja ne ya tara su bayan ya dawo daga yaƙin basasa, kowa Saje yake ce masa. Mutum goma sha biyu ya samu, Kirista da Musulmi, duk manoma, duk 'yan ƙauyukan da ke kan titin nan ko kusa da shi. Ba shi da agogo, da inuwar wata ɗorawa yake auna lokaci. Ba takalmi. Abinci kuwa abin da muka dama, kunun tsamiya ko fura, sai rogo da ƙuli. In sun tashi daga gona sai ya hau kekensa da tsumagiya a hannu ya kora su cikin gonaki, su yi ta tsallake kunyoyi, sama ƙasa, sama ƙasa, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ya ce ƙafar da ta saba da kunya, in ta hau kwalta sai ta ɗauka tabarma aka shimfiɗa mata. Ranar Asabar yakan kai su har kusa da Musawa su dawo. Saboda wannan tsallaken kunyoyi ne 'yan kamfani suka sa musu suna 'yan kunya. Mu ma muka karɓi sunan da dariya, ba mu san abin da zai zama ba.

Mu mata kuma namu tseren da baki ne. Akwai wata mai ƙosai a kasuwar Funtua, matar wani dogo ɗan Filato wanda shi ne gwarzon kamfani. Duk sanda na je sai ta ce in gaya wa mijina ya zo a auna masa ƙafa, akwai tsohon kambas da za a yar. Ni kuma in ce ta gaya wa nata ya rage shan shayi, kada ya tsaya fitsari a Bakori. Sai ta ƙara mini ƙosai biyu, mu rabu muna zagin juna.

Shekarar da 'yan Saje suka fara shiga tseren, na tafi gidanmu tun jajibiri, don a ƙofarmu za su wuce. Kuskurena ɗaya, ban gaya wa Baba dalilin zuwana ba. 'Ya ba ta zaunar da ubanta ta yi masa hirar mijinta. Shi kuma kunnensa ya yi nauyi, duk shelar da aka yi ta wuce shi. Da hantsi ya fito da buzunsa ya zauna gindin mangwaron ƙofar gida kamar kullum, yana ɓarar gyaɗa.

Ina bayan zana ina leƙe sai ga motar 'yan sanda a hankali, bayanta kuma mutum ɗaya tal. Ba kambas, ba singileti, gajeren wando ne da na ɗinka masa da yadin buhun fulawa. Na duba bayansa har inda ido ya ƙare, ba kowa. Na sa gefen zane a baki na cije don kada in yi guɗa.

Sai ya ga Baba.

Na ga ƙafafunsa sun rikice. Ya rage gudu, ya sauka daga kwalta, ya zo gaban buzu ya durƙusa har ƙasa, yana rufe gwiwoyinsa da tafin hannu saboda gajeren wandon. Baba ya zubar da gyaɗa ya ce, "Lafiya? Me ya biyo ka?"

"Lafiya lau, Baba. Mun kwana lafiya?"

To, wanda ya san ubana ya san ba ya gaisuwar tsaye. Ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi mahaifiyarsa, ya tambaye shi yara ɗaya bayan ɗaya alhali yaran suna cikin gidansa. Ya tambayi bijimin nan mai ciwon kofato. Ya tambaya ko an gama tsinkar auduga. Maigidana yana haki kamar zai shiɗe, yana cewa lafiya lau, da godiya, lafiya lau. Motar 'yan sanda ta tsaya can gaba, direban ya leƙo yana tafa hannu. Sai ga dogon nan ɗan Filato ya zo ya wuce. Sai na biyu. Sai na uku. Ina ƙirga fararen kambas ina ji kamar ana cire mini haƙora.

Baba ya bi su da kallo ya ce wa maigida, "Waɗannan ne suka koro ka? Me ka yi musu?" Kuma ya juya ya ce a kawo wa baƙo fura. Maigidana ba zai sha a gaban suruki ba, ba zai kuma tashi ba a sallame shi ba. Ni ba ni da bakin shiga maganar ubana da mijina. Allah ya taimaka, innata ta ɗaga murya daga cikin gida ta ce, Maigida, sallami yaron nan, tsere suke yi. Baba ya ce to ai da ya faɗa. Ya sa masa albarka mai tsawo, sannan ya ce ya gaida gida.

Maigidana ya tashi ya kamo da yawa a hanya, amma ya shiga Funtua na bakwai. Biyar na farko duk 'yan kamfani ne.

Washegari Saje ya tara mutanensa gindin ɗorawa, mu mata muna daga nesa muna ji. Ya bi su ɗaya ɗaya yana tambaya. Ashe ba maigidana kaɗai ba ne. Wani ya ci karo da kawun matarsa a kan jaki. Wani ya wuce ƙofar surukarsa tana shanya kuɓewa. Wani ma kakar matarsa ya gani da ɗaurin itace a ka, ya karɓa ya kai mata har gida sannan ya dawo titi. Cikin sha biyu, mutum tara sun durƙusa a hanya, wani sau biyu. Ukun da ba su durƙusa ba gwauraye ne, su kuma ba su da gudu.

Saje ya cire hularsa ya daɗe yana kallon cikinta. Sannan ya ce shekara guda yana ta tunanin abin da 'yan kamfani suka fi su da shi, ko kambas ne, ko shayi ne, ko agogon nan. "Ashe ba ko ɗaya. Su ba su da surukai a kan titin nan."

Daga ranar sunan 'yan kunya ya koma ɗaya ma'anar. In maigida ya shiga kasuwar Bakori sai a ce masa a gaida Baba. Mai ƙosai kuwa tun daga nesa take durƙusa mini, ta ce ina bijimi mai ciwon kofato. Na daina bi ta layinta har wata biyu. Shi yana dariya tare da mutane, amma ni na san yadda abin ya ci shi, domin ya wuce talatin, kuma ma'aikatan wasanni sun faɗa masa baki da baki cewa shekara mai zuwa ce ta ƙarshe da za su ɗauki mai shekarunsa. In ya sake durƙusawa, Kaduna sai dai a labari.

Da shekara ta zagayo, Saje ya canja horo. Gudu yana nan yadda yake, amma ya ƙara musu darasi. Sai ya sa babbar riga da rawani ya zauna bakin hanya a matsayin suruki, ya ce su zo su wuce shi. Wanda ya rage gudu ya sha tsumagiya. Duk sun iya, har da maigidana, don sun san Saje ne. Sannan ya hau kekensa ya bi ƙauyukan titi gida gida, yana roƙon dattawa maza da mata su zauna cikin gida ranar Asabar ɗin da za a yi tseren har rana ta take tsaka. Fasto ya faɗa a coci, liman ya faɗa bayan Juma'a. Kowa ya yarda yana dariya.

Ban da ubana.

Ya ce shekara guda ana nuna shi da baki a kasuwa, ana cewa ga wanda ya cinye tsere da gaisuwa, alhali shi gudun ma bai gani ba. Bana sai ya gani da idonsa. Kuma mangwaronsa ne, shi ya dasa, ba sojan da zai tashe shi. Ya ce shi bai taɓa ce wa kowa ya durƙusa masa ba, in yaron yana so ya wuce, ga titi nan.

Aka shiga neman dabara. Maigida ya je ranar Juma'a ya gaida shi sau biyu, ya ce ɗaya ta yau ce, ɗaya ta gobe. Baba ya amsa duka biyun, ya ce ya karɓa. Amma da ya dawo gida maigida ya ce mini shi bai amince da gwiwoyinsa ba, in suka ga fuskar tsohon nan su da kansu suke naɗewa, ba sa shawara da shi. Ga wata sabuwa kuma. An ce bana ba mai shiga tsere ba takalmi, don haka Saje ya samo musu kambas. Wato in ya tsaya ba durƙuso kaɗai ba ne, sai ya kwance igiya ya cire takalmi tukuna, don ba a gaida suruki da takalmi a ƙafa. Na ɗaure masa igiyar da hannuna a daren da zan tafi gidanmu, na gwada masa ƙullin da ake yi wa buhun masara, na ce gobe haka zai ɗaure.

Ranar Asabar titi ya cika da yara da mata da samari, ba dattijo ko ɗaya sai ubana, ya sa rigarsa ta zuwa coci yana zaune kan buzu kamar hakimi. Wannan karon ban tsaya bayan zana ba. Na fito na tsaya gefensa da goyo a baya, na ce Baba, don Allah ko bayan mangwaron ne ka koma. Ya yi kamar kunnen ne.

Sai ga motar 'yan sanda. Bayanta mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, dogon ɗan Filato da nawa, wasu fararen singileti uku kuma suna biye ba nisa. Jama'a suka ɗauki ihu. Na dubi Baba na ga ya miƙa wuya, bakinsa a buɗe, yana murmushi irin na yara. Suna matsowa, har na fara jin takunsu, sai tsohon nan ya dafa sandarsa ya miƙe. Na ce shi ke nan, tare shi zai yi. Sai ya juya. Ya ba titi baya, ya fuskanci katangar gidansa, ya tsaya ƙiƙam. Mutumin da ya yi rigima da Saje da Fasto don ya ga gudun nan, da aka zo wurin gani sai ya zaɓi kallon katanga.

Amma maigidana ya san ƙeyar surukinsa. Na ga ya rage gudu. Dogon ya ba shi taku biyar, taku goma. Na ga ya karkato gefen titi, hannunsa ya fara sauka wajen igiyar takalmi, fuskarsa kamar mai shirin kuka, bai san ko ana gaida baya ba ko ba a gaidawa.

Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa kiran sunansa ba. Ko wani mai irin sunan na gani, sai in ce mai sunan maigida. Ran nan, a gaban ubana, a gaban garinmu kaf, na buɗe maƙogwaro na kira shi da sunan da uwarsa ta raɗa masa, na ce, "Wuce! Wallahi in ka taɓa igiyar nan ba ni komawa gidanka!"

Ya ɗago ya dube ni kamar an harbe shi da gwafa. Sai ya zabura. Ban taɓa ganin ya yi irin gudun nan ba, kuma daga baya ya rantse mini ba Funtua ya nufa ba, ni yake gudu.

Baba bai juyo ba sai da takun ya ɓace. Yana kallon katanga ya ce, "Wace marar kunya ce wannan?" Na ce ban gan ta ba, Baba, jama'a da yawa. Ya ce to, in na gan ta in ce mata muryar uwarta gare ta. Sannan a hankali ya tambaye ni yadda gudun yake. Na tsaya na kwatanta masa, yadda yake ɗaga ƙafa, yadda kansa ba ya motsi, yana ta gyaɗa kai yana cewa madalla.

Na miƙa wa Inna goyo na haye akori-kurar da ke bin su da durom ɗin ruwa. Mu mata shida a baya muna waƙa muna buga durom, direba yana cewa za mu kifar da shi. A Bakori maigida ya kamo dogon. Daga nan har Funtua ba wanda ya bar wani, sai a bakin fili dogon ya miƙa ƙafafun nan nasa kamar na zalɓe ya riga shi da kaɗan. Maigidana na biyu. Na uku ɗan kamfani, na huɗu da na biyar namu, har da wanda ya kai wa kaka itace bara. Saje ya jefa hularsa sama ta faɗa kan rufin rumfa, ba a samo ta ba sai da gora. Kocin kamfani ya zo ya ba shi hannu ya tambaye shi wane sabon horo ya yi musu bana. Saje ya ce ba su ya horar ba, iyayen matansu ya horar. Mai ƙosai ta rungume ni tana cewa labari ya riga ni isowa, wai har Funtua an ji sunan.

Da la'asar maigida ya ce ba zai kwana da bashin gaisuwa ba. Aka sauke mu a ƙofar gidanmu, ya cire kambas tun daga titi, ya durƙusa gaban Baba, aka yi ta tun daga mahaifiyarsa har bijimi. Da aka sallame shi sai ƙafafu suka ƙi miƙewa. Ƙannena biyu ne suka ɗauke shi a durƙushe kamar tulu suka sa a mota, Baba yana dariya har da tari.

Maigidana ya je Kaduna, wata uku. Can ya tarar da sojoji da 'yan sanda da mutanen kan duwatsu waɗanda gudu ne aikinsu dare da rana, ya ce in aka gwada da su, mu da 'yan kamfani duk wasan yara muke. A babban tseren ya zo can tsakiya, shi da dogon suna jan juna. Ya dawo da riga da wando masu ratsi, da takarda mai hatimi, da hoto ɗaya da ya fito rabinsa. Bai sake neman komai ba. Ya koma gonarsa yana fito, rigar kuma sai ranar Kirsimeti.

Abin da ya rage masa shi ne tsokanata. Shekara arba'in da wani abu, in muna zaune mu biyu sai ya ce wai ya manta sunansa, in tuna masa. In ce ya je ya tambayi titin Bakori. Ko da ciwo ya kwantar da shi, ƙafafun nan da suka tsallake kunyoyin ƙasar Kafur duka suka zama kamar kara, bai bari ba. Ana saura kwana biyu, ina shafa masa man zafi, ya ce, "Uwar yara, sake faɗa mana sau ɗaya."

Na ce, "A'a. Ran da na faɗa, gudu ka yi ka bar ni a bakin titi."

Ya yi dariya har sai da na ɗaga shi ya sha ruwa. Ban faɗa ba, kuma duk da haka ya tafi.

'Yata ta tsaya da biro tana kallona, wai ko yanzu zan faɗa ta rubuta. Ba zan faɗa ba. Kambas ɗin suna nan ƙarƙashin gadona, da ƙullin buhun masara a ƙafar hagu, wanda ya kasa kwancewa ran nan a ƙofar Baba sai zare ƙafar ya yi. In na share ɗaki nakan fito da su in kakkaɓe, in mayar.